Yadda Ake Fitar da Gishiri Mai Kyau daga Ruwan Teku, da Sikeli a Hannu

Duk wanda ya ɗebi ruwan teku ya shanya shi a rana har ya ƙafe ƙaf, sannan ya kankare abin da ya rage ya sa a baki, zai ji gishiri da farko, daga baya wani ɗaci ya biyo ya zauna masa a maƙogwaro. In ya bar shi ya kwana a buɗe, da safe zai tarar ya jiƙe ya dunƙule. Haka gwajina na farko ya ƙare, kuma na jima ina zargin ruwan da na ɗebo, alhali ruwan ba shi da laifi. Kuskuren shi ne barin sa ya ƙafe gaba ɗaya a mazubi ɗaya.

Ruwan teku taron gishiri ne iri-iri, kuma kowanne da lokacin fitarsa. Gishirin da muke ci yana fitowa ne a tsakiyar layi, da masu gabansa da masu bayansa. Aikin mai yin gishiri shi ne ya san sa'ar da zai juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, da sa'ar da zai ce ya isa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a wannan aiki bai sani ba, don ruwan da ya kusa zubar da gishiri da wanda saura kwana uku duk garau suke a ido. Sikeli ne ke rarrabe su.

Abin da ke cikin ruwan

A matsakaicin lissafi, kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da giram 35 na narkakkun sinadarai. Kuloraid ya kai kusan giram 19.4, sodiyam 10.8, salfet 2.7, magnesiyam 1.3, sai kalsiyam da fotasiyam kowanne kusan 0.4. Idan sodiyam ɗin nan duka ya haɗu da kuloraid, za a samu giram 27 da ɗoriya na gishirin ci. Ragowar giram bakwai zuwa takwas su ne masu ɓata ɗanɗano da jawo danshi.

Yawan gishirin yana bambanta: Bahar Rum ya kai kusan giram 38, Bahar Maliya kusan 40. Amma rabon da ke tsakanin manyan sinadaran kusan ɗaya ne a ko'ina. Wani masanin sinadarai mai suna William Dittmar ne ya tabbatar da haka a 1884, bayan ya auna samfuri 77 da jirgin binciken Challenger na Birtaniya ya tattaro a zagayen da ya yi daga 1872 zuwa 1876. Wannan ne ya sa alƙaluman da zan bayar za su yi maka aiki ko daga wane gaɓar teku ka ɗebo ruwanka.

Shi kuwa jerin fitowar, wani masani mai suna Usiglio ne ya fara bin diddiginsa da awo a 1849, da ruwan Bahar Rum da ya ɗebo kusa da garin Sète na Faransa. Ya riƙa ƙafar da ruwan a hankali yana auna abin da ya kwanta a kowane mataki: alli da farko, sai jifsam (wani farin sinadari marar ɗanɗano), sai gishirin ci, sai gishirin magnesiyam da na fotasiyam a ƙarshe. Gwajinsa za mu maimaita, a ƙaramin sikeli.

Kayan aiki

Lita 10 na ruwan teku. Tire uku masu faɗi marasa zurfi, na gilashi ko na roba mai kyau, kuma in da hali masu duhun launi, don sun fi zuƙar zafin rana, farin gishiri ma ya fi fitowa a kansu. Kada ka sa alminiyam ko baƙin ƙarfe, ruwan gishiri na cin su ya kuma ɓata maka sakamako. Sai tsumma mai tsabta da takardar tace kofi, mazurari, jok mai alamar awo, sirinji na mililita 20, ƙaramin sikeli mai nuna har giram 0.01, ma'aunin zafi, ragar sauro ta rufe tire, da littafin rubutu.

Wanda ke nesa da teku zai iya haɗa nasa a ɗakin gwaje-gwaje. A kowane kilo ɗaya na haɗin ana sa kusan giram 24 na gishiri zalla, giram 4 na sodiyam salfet, giram 11 na magnesiyam kuloraid mai ruwa a jiki, giram 1.5 na kalsiyam kuloraid mai ruwa a jiki, giram 0.7 na fotasiyam kuloraid da giram 0.2 na sodar yin burodi (baking soda), sauran kuma tataccen ruwa. A narkar da na kalsiyam da na magnesiyam daban kafin a zuba su cikin sauran, in ba haka ba haɗin zai yi fari tun ba a je ko'ina ba. Wannan na gwaji ne kawai, ba a ci.

Mataki na 1: ɗebo ruwa da tace shi

Ka nisanci tashar jiragen ruwa, bakin magudanar datti da inda kogi ke shiga teku. Na farkon biyu saboda gurɓata, na ukun saboda ruwan daɗi ya surka shi, za ka ɓata kwanaki kana ƙafar da ruwan da ba gishiri sosai. Ka ɗiba lokacin da teku ya cika ya tumbatsa, ba daf da yashin da igiyar ruwa ke dama wa ba. Ka bar shi ya kwana a rufe, ka tsiyaye na sama, ka tace da tsumma sannan da takarda. Tacewa tana cire yashi da gansakuka, amma ba ta cire gubar da ta riga ta narke. In ba ka amince da wurin ba, gishirin ya tsaya a littafin gwaji, kada ya kai tukunya.

Mataki na 2: koyi auna kaurin ruwa

Nan ne zuciyar aikin, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake shi.

Ɗora busasshen sirinji a sikeli ka mayar da shi sifili. Ja tsabtataccen ruwan sha zuwa daidai layin 20, ka fitar da kumfar iska, ka goge bayan sirinjin, ka auna. Zai ba ka wajen giram 20, da ɗan ragi ko ƙari. Rubuta shi. Yanzu ɗauraye sirinjin da ruwan tekun, ka ja zuwa wannan layin dai, ka auna, za ka samu kusan giram 20.5. Raba na biyu da na farko, abin da ya fito shi ne kaurin ruwanka, kimanin 1.025. Amfanin wannan rabawa shi ne ko da layin sirinjin ba daidai yake ba, kuskuren ya shafi awon biyu, sai ya kashe kansa. Sharaɗi ɗaya: ruwan da kake aunawa kada ya zama mai zafin rana, don ruwa mai ɗumi ya fi sauƙin nauyi. Ɗebi kaɗan a kofi, ka bar shi a inuwa ya huce, ka auna, ka mayar da shi tiren. Ni da sassafe nake awona, kullum a lokaci ɗaya.

Masu manyan gonakin gishiri suna amfani da wani ɗan bututun gilashi mai yawo a ruwa, kuma suna ƙirga da digirin Bome, daga sunan Antoine Baumé, wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa na ƙarni na 18. Juya lissafin ba wuya: raba 145 da kaurin ruwan, ka cire amsar daga 145. Kauri 1.025 ya zama digiri 3.5. Lambobi uku za ka riƙe a ka:

- 1.10, wato kusan digiri 13: juyi na farko
- 1.21, wato digiri 25 da ɗoriya: juyi na biyu
- 1.25 zuwa 1.26, wato digiri 29 zuwa 30: a dakata

Mataki na 3: tire na farko

Zuba ruwan, zurfinsa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Lita ɗaya a kan faɗin murabba'in mita ɗaya milimita ɗaya ce tak, don haka lita 10 a rabin murabba'in mita santimita 2 ke nan. In tirenka bai kai haka ba, ka riƙa ƙarawa yayin da yake raguwa. Rufe da raga, ka ajiye inda rana ke duka kuma iska ke wucewa. Mutane kan manta da iska, alhali ita ke kwashe tururin da ke kwance a fuskar ruwa. Tire a lungu mai zafi marar iska ya fi jinkiri a kan wanda ke sarari.

A nan babu abin kallo sosai. Ruwa na raguwa, wani siririn farin ɓawo na bayyana a gefe da ƙasan tire. Allin ke nan, kalsiyam kabonet, kuma duka-duka bai wuce giram ɗaya ba daga lita 10. Mai gaggawa zai iya tafasa ruwan a tukunya mai rufin enamel a wannan matakin kaɗai. Da kauri ya kai 1.10, saura kimanin lita biyu da rabi, sai ka tace shi zuwa tire na biyu. Kada ka wanke na farkon. Ɗiga masa ruwan khal ka gani: zai yi 'yan kumfa, shaidar kabonet ke nan.

Mataki na 4: tire na biyu, gidan jifsam

Tsakanin 1.10 da 1.13 jifsam zai fara zuba, wato kalsiyam salfet. A nan ne da yawa ke ruɗuwa, su ga fari ya kwanta su ce gishiri ya zo. Ɗauki kaɗan ka duba da gilashin ƙara girma: siraran allurai ne da 'yan falle-falle masu sheƙi, babu mai kusurwa huɗu ko ɗaya. A harshe ba ya da ɗanɗano, sai gardi kamar yashi a haƙori. Jefa shi a ruwan sha, zai zauna yana kallonka, don lita guda ba ta narkar da fiye da giram biyu da ɗan wani abu. Ruwan khal ma ba ya sa shi kumfa. Za ka tara kimanin giram 15.

Wannan tire shi ya fi buƙatar haƙuri. Yayin da ruwa ke ƙara kauri, gishirin da ke ciki yana riƙe shi, tururi ya riƙa tashi a hankali. Kuma akwai iyakar da ya kamata kowa ya sani: ruwan da ya ƙoshi da gishirin ci ba ya ƙafewa idan danshin iska ya haura kusan kashi 75 cikin ɗari. Sama da haka, shi ne ma zai riƙa jan ruwa daga iska. Shi ya sa za ka auna da yamma ka samu 1.19, da safe ka samu 1.18, ka ɗauka sikeli ya lalace. Raɓa ce da danshin dare. Maganinsa, rufe tire da murfi ko leda da faɗuwar rana, ka buɗe da hantsi. Wannan iyakar ce kuma ta sa manyan gonakin gishirin rana suke inda teku ya haɗu da busasshiyar ƙasa, kamar Guerrero Negro a Meziko da Dampier a yammacin Ostareliya.

In ruwan sama ya shammace ka, kada ka dama. Ruwan daɗi ya fi sauƙin nauyi, yana zama a sama, kana iya zuƙe mafi yawansa da sirinji.

Daga 1.19 ka riƙa awo sau biyu a yini. Da ya taɓa 1.21, saura kusan lita ɗaya, ka tace shi da takarda zuwa tire na uku, wanda ka wanke tas ka busar. In ka yi sakaci gishiri ya fara zuba a kan jifsam, sun gauraya ke nan, sai dai ka ƙara ɗan ruwa ya narke ka sake jira. In kuma ka yi saurin juyewa a 1.18, sauran jifsam zai bi ka zuwa tire na uku.

Mataki na 5: tire na uku

Cikin yini ɗaya ko biyu za ka ga abin da ya sa nake son wannan gwaji. Je ka duba da rana tsaka, lokacin da iska ta lafa. A fuskar ruwan za ka hangi wani ɗan ɗigo mai kusurwa huɗu, ƙarami kamar ƙwayar yashi, yana yawo bai nutse ba. Nauyinsa na ɗan danna shi ƙasa, sabon gishiri na kamawa a bakinsa na sama, ya sake nutsewa kaɗan, wani layin ya sake kamawa mafi faɗi. A haka har ya zama ɗan dala mai rami a ciki, kansa a ƙasa, da matakala a jikinsa kamar an sassaƙa. Da iska ta kaɗa ko yatsa ya taɓa tiren, sai ya cika da ruwa ya nutse. Irin wannan na saman ruwa ne masu gishirin Guérande a Faransa suke yaɗewa da hannu, suna kiransa furen gishiri. A ƙasan tire kuwa ƙwayoyi masu fuska shida ne ke girma, dunƙulallu kamar 'yan akwatuna.

Girman ƙwaya yana bin saurin ƙafewa. A hankali, manya masu tsabta. Da sauri, ƙanana masu yawa, kuma suna kulle ɗigon ruwan ɗaci a cikinsu inda wanki ba ya kaiwa. Shi ya sa ban yarda da tafasawa a wannan matakin ba. Zafi ma ba ya taimaka wa gishirin ci yadda yake yi wa sukari: giram 100 na ruwa yana narkar da kusan giram 36 a zafin ɗaki, in ya tafasa kuma 39 kacal. Don haka sanyayawa ba ta fitar da shi, sai dai ruwa ya tafi.

Shawarata, ka kwashe sau uku, ka ajiye kowanne daban: na farko a 1.225, na biyu a 1.24, na uku a 1.255. Daga nan ka tsaya. Za ka ga saura kamar kofi ɗaya da rabi na ruwa, kuma zuciya za ta ce maka akwai sauran gishiri a ciki. Gaskiya ne akwai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na duka. Bar shi. Abin da zai fito daga nan cuɗe yake da magnesiyam. Daga cikin kusan giram 280 da ke cikin lita 10, in ka tashi da wajen giram 200, aikinka ya yi.

Mataki na 6: wanki da shanya

Kowace ƙwaya ta fito jiƙe da ruwan da ta girma a ciki, kuma ɗacin a nan yake. Ba a wanke ta da ruwan sha, zai cinye rabinta. Ana haɗa ƙosasshen ruwan gishiri: zuba gishiri mai tsabta a ruwa kana motsawa har ya ƙi narkewa, ka tsiyaye na sama. Irin wannan ruwa ba shi da sauran wurin ɗaukar gishirin ci, amma yana da wurin magnesiyam. Sa gishirinka a rariya, ka kwarara masa sau biyu, ka bar shi ya tsane sa'o'i, sannan ka baza a rana. Manyan masana'antu ma haka suke yi, da injin wanki. Ka ware cokali ɗaya daga kowane kwasa ba tare da wanki ba, don kwatance.

Mataki na 7: gwada abin da ka samu

Gwajin danshi ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi faɗin gaskiya. Auna giram 5 daga kowane samfuri, busasshe, ka baza a ƙananan faranti, ka bar su su kwana a buɗe wuri ɗaya, ka sake aunawa. Magnesiyam kuloraid yana fara jan ruwa tun danshin iska na kashi 33 cikin ɗari, gishirin ci kuwa sai 75. Don haka kwasa ta uku marar wanki za ta fi ƙara nauyi, ta farko wankakkiya kuma da ƙyar za ta motsa.

Na biyu, narkar da giram 10 a mililita 100 na tataccen ruwa, ka tace a takardar da ka riga ka auna, ka busar da ita ka sake aunawa. Ƙarin da ka gani ƙura ce da yashi. Jifsam kaɗan yakan narke ya wuce, don haka ga gwaji na uku: ɗiga narkakken sodiyam kabonet, wato sodar wanki, a cikin ruwan gishirin da ka tace ɗin. Farin hazo na nuna kalsiyam da magnesiyam. Jera kofunan a gaban baƙar takarda, bambancin zai fito ƙarara.

Mai ɗakin gwaje-gwaje zai auna kuloraid ta hanyar da ake kira ta Mohr: a sa ɗan fotasiyam kuromet a ruwan, a riƙa ɗiga silba naitiret, har ruwan ya juya ja-ja kamar jan bulo. Sai dai a kula, wannan awo yana ƙirga duk kuloraid ne, har da wanda ke tare da magnesiyam da fotasiyam. Wanda ya mayar da shi duka gishirin ci zai ba samfurinsa makin da bai kai ba. Dole a auna kalsiyam, magnesiyam da salfet daban a daidaita lissafi. Ma'aunin abinci na duniya na Codex ya ce gishirin ci kada ya gaza kashi 97 cikin ɗari na sodiyam kuloraid a busasshen nauyi.

Akwai kuma wani zato da ya kamata a gyara. Fitowa daga teku ba ta sa gishiri ya zama mai aidin. Lita guda ta ruwan teku aidin ɗinta bai wuce kusan miligiram 0.06 ba, kuma ɗan abin da ke shiga ƙwayar bai taka kara ya karya ba. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 20 zuwa 40 a kowane kilo na gishiri a wurin sarrafawa, kuma ƙara shi ake yi da gangan, galibi da fotasiyam ayodet. Gishirin tirenka ba zai maye gurbin wannan ba.

Ruwan ɗacin da ya rage

Kada ka zubar da shi a gindin shuka ko inda kifi suke, yana kashe su. Murza ɗigo tsakanin yatsu ka ji, santsi gare shi kamar mai, ko da yake babu mai a ciki. Magnesiyam kuloraid ne da magnesiyam salfet da fotasiyam da ɗan buromaid. Daga irin wannan ruwa na gonakin gishirin Montpellier a Faransa ne masanin sinadarai Antoine Balard ya gano sinadarin buromin a 1826, kuma shi Jafanawa ke kira nigari suna daskarar da madarar waken suya da shi. Yadda gishirin ƙarshen nan ke fitowa yana da sarƙaƙiya har van 't Hoff, wanda ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901, ya shafe shekaru yana nazarinsa a kan ma'adinan Stassfurt na Jamus.

In kana son ganin somin-taɓin abin, zuba shi a ƙaramin farantin gilashi, ka bar shi a rana har ya ragu da rabi, ka tsiyaye shi daga gishirin da ya kwanta, ka sa a firji ya kwana. Da safe ka duba ko dogayen allurai masu haske sun fito. Waɗannan magnesiyam salfet ne, gishirin Epsom. Tsame su da sauri ka ɗora a takardar tacewa, don in farantin ya ɗumama sukan koma ruwa. Sauran ka zuba a kwalba mai murfi, ka rubuta kaurinsa da kwanan wata a jiki.